Bayan Aikin Kwatangwalo: Kada Ki Ɓoye Ciwo Da Sunan Haƙuri

Idan an yi wa mahaifiyarki, ko ke kanki, aikin sauya gaɓar kwatangwalo saboda karaya ko ciwon sikila, ki sani cewa a gida ake ainihin jinyar.

Mu mata an san mu da cijewa. Wata ɗalibata a ajin matan aure ta kwana uku ƙafarta tana kumbura bayan aikin, ta yi shiru, wai kada ladanta ya ragu. Ashe jini ne ya daskare a jijiya. Allah Ya kiyaye, aka gano da wuri. Gaya wa likita inda ke miki ciwo ba ya ɓata haƙuri.

Zogin makonnin farko ba abin tsoro ba ne. Ki sha magani yadda aka rubuta, kada ki ƙara da Tramadol na kemis. Amma ki koma asibiti nan take idan kin ga zazzaɓi, mugunya a ɗinki, kumburi da zafi a sha-raɓa, sarƙewar numfashi, ko ƙafar ta gajarce ta juye. Kada a kira mai ɗori.

Na tsawon mako 6 zuwa 12, likitoci kan hana tsugunno, zaman tabarma da harɗe ƙafa, don kada gaɓar ta goce. To salla fa? Hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya sauƙaƙa wa marar lafiya yin ta a zaune. Ki samu kujera mai tsayi, ki yi nuni da ruku'u da sujada. Kullum ki ɗan taka da sanda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.