Ko Kun Sani?

Marubucin Amurka John Steinbeck ya yi ishara da labaran Littafi Mai Tsarki a littafinsa na 1939, The Grapes of Wrath. A cikin littafin, fari, guguwar ƙura da bashin banki ne suka kori iyalin Joad daga gonarsu a Oklahoma zuwa Kalifoniya, tamkar fitar Isra'ilawa daga Masar zuwa ƙasar alkawari. Su 12 ne, kamar almajiran Yesu, na 13 kuwa tsohon mai wa'azi Jim Casy, wanda aka kashe yana tsaya wa leburori. Gab da ƙarshe, an saki gawar jariri cikin akwati a ambaliya, abin da ke tuna kwandon Annabi Musa.