IYA RUWA FID DA KAI: Lokaci Ya Yi Da Za A Koya Wa Yaran Mubi Iyo

Duk wanda ya ga kogin Yadzaram cikin watan Maris, sa'ad da ya zama fili na yashi, da wuya ya yarda cewa shi ne kogin nan da kan cika ya batse a watan Agusta. Kogin yana gangarowa ne daga duwatsun da ke kudu maso gabas da Mubi, wajen iyakar Kamaru, ya ratsa garin, sa'an nan ya miƙe arewa zuwa ƙasar Borno. Halin kogin dutse kuwa sananne ne: ana iya yin ruwa can bisa tuddai, ko ɗigo bai sauka a gari ba, sai kawai a ga ruwa ya taso da ƙarfi ya iske yara suna wasa.

Ban da kogin, akwai kududdufai da ramukan da ake haƙa domin ɗibar ƙasar gini, waɗanda damina kan cika. A irin waɗannan wurare ne yaran Mubi, da na sauran garuruwan Arewa, suke koyon iyo. Babu malami, babu mai tsaro, kuma galibi a ɓoye suke zuwa domin tsoron bulalar gida. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana ya iya, wanda kuma ƙafarsa ta zame a wuri mai zurfi, sai dai a nemo gawarsa.

Girman Hasarar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da wani rahoto cikin watan Disamba na shekara ta 2024, wanda ya nuna cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekara ta 2021, watau fiye da mutum 30 a kowace sa'a. Rahoton ya ce tun daga shekara ta 2000 yawan masu mutuwa ta wannan hanya, in an gwada shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya baki ɗaya, amma a nahiyar Afirka raguwar ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Tun kafin wannan, cikin watan Afrilu na 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga watan Yuli na kowace shekara domin tunatar da jama'a hanyoyin hana nutsewa a ruwa.

A Nijeriya ba a bukatar dogon bayani. Mutanen Adamawa ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, sa'ad da kogin Binuwai ya yi ɓarna bayan sakin ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Haka kuma ran 30 ga watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai cikin Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Gaskiya ne lodin da ya wuce kima da rashin rigunan kariya su ne kan gaba wajen irin wannan hatsari, kuma iya iyo ba zai maye gurbinsu ba. Amma yaron da ya san yadda zai kwanta bisa ruwa ya riƙe numfashinsa, ya fi wanda bai sani ba damar jiran mai ceto.

Ba Baƙon Abu Ba Ne

Waɗansu iyaye suna ɗaukar iyo a kan wasan banza ko al'adar Turawa, alhali kuwa ba haka abin yake ba. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, ana yin wasannin Kabanci a kogin Matan Fada, waɗanda suka haɗa da tseren iyo, da nutso, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa. A shekara ta 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Bugu da ƙari, malamai sun daɗe suna kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, inda ya hori mutane da su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi da hawan doki.

Abin da ya rage shi ne tsari. A galibin garuruwan Arewa wuraren iyo na zamani a manyan otel-otel suke, inda kuɗin shiga da yanayin wurin suka fi ƙarfin talaka. To, amma ƙasar Bangladesh, wadda ita ma matalauciya ce mai yawan ruwa, ta nuna cewa ba sai da siminti da famfo ba. A can an ɓullo da wani shiri mai suna SwimSafe, inda ake kafa dandamali na gora cikin tafkin ƙauye, a killace wuri marar zurfi, a horar da samari da 'yan mata na ƙauyen su zama malamai. Ba a sallamar yaro sai ya iya iyo na tsawon mita 25, ya kuma iya tsayuwa bisa ruwa daƙiƙa 30. Binciken da aka yi ya nuna nutsewa ta ragu ƙwarai tsakanin yaran da suka sami wannan horo.

Sai An Sami Yardar Iyaye

Mubi ba ta rasa hannuwan da za su yi irin wannan aiki ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai kuma Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, dukansu cike da matasa masu neman sana'a. Sai dai duk wanda zai buɗe makarantar iyo, tilas ne ya san cewa babban jarinsa shi ne yardar iyaye, domin ba wanda zai miƙa ɗansa ga ruwa a kan maganar fatar baki.

A nan ne hanyar sanar da jama'a take da muhimmanci. Ƙananan masu sana'a da yawa yanzu suna buɗe shafi a intanet, amma sau da yawa sai su cika shi da Turanci da hotunan ƙasashen waje masu cinye kuɗin data. Irin wannan shafi yana bukatar a sake masa fasali tun daga tushe. Da wayar hannu mafi yawan mutane suke leƙa intanet, saboda haka ya kamata shafin ya zama marar nauyi, ya buɗe da sauri ko da layi ba ƙarfi, a kuma rubuta shi da Hausa, har da saƙon murya cikin Fillanci domin waɗanda ba su karatu.

Abin da uba ko uwa za su fara nema shi ne amsar tambayoyi kaɗan. Ina wurin yake, kuma mene ne zurfin ruwan? Wane ne malamin, a ina ya sami horo, ya kuma iya taimakon gaggawa na farfaɗo da wanda ya sha ruwa? Yara nawa ne a hannun malami guda? Akwai ranar da aka keɓe wa 'yan mata, da malama mace, da sutura ta mutunci? Nawa ne kuɗin, kuma mako nawa za a yi? Wajibi ne kuma a faɗi ko ma'aikatan lafiya sun duba ruwan, domin tafkin da ke da katantanwa yana iya jawo wa yara ciwon tsargiya. Kada a sa hoton ɗan kowa sai da izinin iyayensa. A ƙarshe a sa lambar waya wadda in an kira za a ɗauka.

Har ila yau shafin intanet kaɗai ba zai wadatar ba. Masu unguwanni, da limamai, da shugabannin coci-coci, da malaman firamare, da gidajen rediyo, su ne jama'a suka fi saurara. Idan mai unguwa a Lokuwa ko Shuware ya je da kansa ya ga wurin, ya ba da nasa ɗan, sauran iyaye za su biyo baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara koya wa yara iyo daga shekara shida, ƙanana kuwa a sa musu ido, a rufe rijiyoyi da randuna. Ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, tare da Masarautar Mubi, suna da ikon keɓe wuri, su sa a cike ramukan da ke cikin unguwanni, su kuma tantance masu koyarwa. Rani ne lokacin wannan shiri, tun Yadzaram yana kwance cikin yashinsa. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuma ce iya ruwa fid da kai.