Rangadin mawaƙa a Turai: Sa'a ɗaya a kan dandamali, sauran a kan hanya

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da damina ta kankama a nan gida, a Turai da Amurka kakar bukukuwan kiɗa ce. Lokacin zafinsu ke nan, rana na daɗewa ba ta faɗi ba, jama'a na hutu, don haka kusan kowane mako akwai filin da aka kafa dandamali. Akwai bikin Glastonbury na Ingila, wanda aka fara a 1970, yake tara mutum wajen 200,000 a wata gonar shanu. Akwai Montreux na Suwizalan tun 1967, da Roskilde na Denmak tun 1971, da WOMAD da Peter Gabriel da abokansa suka fara gudanarwa a 1982 domin kaɗe-kaɗen sassan duniya. Mawaƙan yankinmu irin su Femi Kuti da Burna Boy da Bombino na Agadas da ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa har da Hausa, duk suna cikin masu hawa irin waɗannan dandamali.

Abin da kake gani a wayarka, mai karatu, hoton mawaƙi ne a gaban dubban Turawa suna ɗaga hannu. Wannan hoton na sa'a ɗaya ne, wani lokaci ma minti 45. Idan kana da ɗa ko ƙane ko miji da aka gayyata, ko kuma kai ne kake mafarkin tafiyar, ya kamata ka san yadda sauran sa'o'i 23 na kowace rana suke wucewa, domin a cikinsu ne lafiya take zubewa, kuma a cikinsu ne gida yake jin jiki.

Barci ne farkon abin da ake rasawa

Masu shirya rangadi suna jera wasanni kusa da kusa ne saboda kowace ranar da ba a yi wasa ba asara ce: ga kuɗin otal, ga abinci, ga hayar mota. Sai ka ga an sauka daga dandamali bayan sha biyun dare, an kwashe kayan kiɗa, an kwanta ƙarfe uku, da asuba an shiga ƙaramar bas zuwa wata ƙasa. A arewacin Turai a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, gari kuma ya waye tun kafin ƙarfe biyar. Jikin da ya saba da magariba ƙarfe bakwai sai ya rikice. Wanda ya tsallaka Amurka kuma ga bambancin lokaci: Niyok tana bayanmu da sa'a 5 a wannan kaka, Kalifoniya da sa'a 8.

Ƙarancin barci na kwana da kwanaki yana rage garkuwar jiki, yana ɗaga hawan jini, yana sa saurin fushi da mantuwa. Babban mutum yana buƙatar aƙalla sa'a 7 a dare. Wanda ba zai samu haka a jere ba ya riƙa ramawa da ɗan gajeren barcin rana, ya tanadi abin rufe ido, ya kuma daina shan kofi da lemukan ƙara kuzari daga la'asar.

Dogon zama ma yana da nasa haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa zaman sa'a 4 ko fiye a jirgi ko mota yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Daga Legas zuwa Landan kaɗai ya haura sa'a 6. A riƙa tashi ana takawa, ana shan ruwa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya soma yankewa, asibiti za a nufa a take, ba a jira a gama wasa.

Kunne da murya, jarin mawaƙi

Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce kunne yana jure ƙara mai ƙarfin desibel 85 na sa'a 8 a rana, amma a desibel 100 minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni cewa kada matsakaicin sauti a wuraren casu ya wuce 100. Ɗan kallo yana zuwa sau ɗaya ya koma gida, shi kuwa makaɗi yana tsaye kusa da lasifika da ganguna dare bayan dare. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi ko kukan gyare bayan wasa. Akwai abin toshe kunne na musamman da aka yi wa makaɗa, wanda yake rage ƙarfin sauti ba tare da ya dagula kiɗan ba. Kuɗinsa bai kai na takalmin da ake hawa dandamali da shi ba.

Murya kuma ruwa take so da hutu. Busasshiyar iskar jirgi da hayaƙin sigari da ɗaga murya ana hira a cikin hayaniya suna gajiyar da maƙogwaro kafin ma a kama makirfo. Dushewar muryar da ta kai mako biyu zuwa uku ba ta washe ba tana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ba zuma da citta kaɗai ba.

Ciki da magunguna

Mutuminmu idan zai yi tafiya yakan ɗaure kilishi da man shanu. Ka sani, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Can kuwa abincin bayan dandamali yawanci burodi ne da cuku da naman sanyi, wanda Musulmi sai ya tambaya kafin ya kai baki. Yawancin bukukuwa suna karɓar takardar buƙatun mawaƙi tun kafin ya iso. A nan ne ake rubuta cewa ana son abincin halal da shinkafa mai zafi da wurin sallah. Wanda ya yi kunyar rubutawa zai ƙare a soyayyen dankali na wata biyu.

Kada kuma a raina zafin Turai. A Yulin 2022 ma'aunin zafi ya haura digiri 40 a Ingila, kuma gidaje da ƙananan otal da yawa a can ba su da na'urar sanyaya ɗaki.

Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa kafin tafiya, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da rara, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. Magunguna irin su taramadol da kodin suna iya jefa mutum hannun hukuma a kan iyaka. Ga wani abu da ake yawan mantawa: zazzaɓin cizon sauro yana iya tashi kwanaki ko makonni bayan barin gida, likitan Turai kuma ba shi ne farkon abin da zai zo masa a rai ba. Duk wanda ya yi zazzaɓi a can ya faɗi a fili cewa daga Najeriya ya zo, a gwada jininsa. Bizar Shengen tana wajabta inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A karanta abin da ta ƙunsa, a ajiye kwafinta a waya.

Ciwon da ba ya fitowa a hoto

Mutum ya sauko daga gaban jama'a dubu ashirin suna kiran sunansa, bayan sa'a ɗaya yana zaune shi kaɗai a ɗakin otal a garin da ba ya jin yarensu. Wannan hawa da sauka yana taɓa zuciya. Wani bincike da Jami'ar Westminster ta yi wa ƙungiyar Help Musicians ta Birtaniya a 2016, kan masu harkar kiɗa sama da 2,000, ya gano cewa kusan 7 cikin 10 sun taɓa fama da matsananciyar fargaba ko ciwon damuwa. A bayan dandamali kuwa barasa kyauta ce, ƙwaya ma ba ta da nisa. Labarin Avicii, matashin makaɗin ƙasar Suwidin, ya isa darasi: ya kwanta asibiti da ciwon da ke da nasaba da shaye-shaye, ya daina rangadi a 2016 saboda lafiyarsa, ya rasu a 2018 yana da shekara 28. Idan naka ya kira gida ka ji muryarsa ta canza, ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana maganar ya gaji da rayuwa, kada ka ce masa ai wasu neman damar suke yi. Ka saurare shi, ka matsa masa ya ga likita.

Waɗanda aka bari a gida

Iyali da dangi sukan ɗauka wanda ya je Turai ya tsinci dami a kala. Gaskiyar ita ce kuɗin wasa yana bi ta hannaye da yawa: dillalin da ya samo wasan, manaja, tikitin jirgi, biza, mota, sannan haraji. Birtaniya tana cire kashi 20 daga kuɗin mawaƙin waje, Amurka kashi 30, sai dai in an yi wata yarjejeniya tun da wuri. Abin da ya rage sai a raba tsakanin 'yan ƙungiya.

Ranar tafiya da ta dawowa ma ba su da tabbas. A 2018 wasu daga cikin 'yan Tal National ba su samu shiga Ingila don bikin WOMAD ba saboda matsalar biza. A Yulin 2023 juyin mulkin Nijar ya riski Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, sai da masoyansu suka yi karo-karo don ɗaukar nauyin zamansu.

Saboda haka maigida ya zauna da iyalinsa kafin ya ɗauki jaka. A bar cefane da kuɗin asibiti na tsawon tafiyar da ƙarin wata guda, kada a dogara da cewa za a turo daga can. A san wanda za a kira idan yaro ya kwanta ciwo cikin dare, musamman da yake damina ce, lokacin zazzaɓi. A tsayar da lokacin waya guda da yara suka sani. Wannan ba wuya, tunda a wannan kaka agogon Ingila ɗaya ne da namu, na Faransa da Jamus kuma sa'a ɗaya kawai ya ɗara. Uwargida ta riƙe kwafin fasfo da jadawalin garuruwa da lambar manaja.

Idan kuma Allah Ya dawo da shi lafiya, a ba shi kwana biyu zuwa uku ya huta kafin 'yan barka da zuwa da masu jiran tsaraba su cika zaure. Shi ma ya tuna cewa matar da ta riƙe gida wata biyu ita kaɗai ta gaji, ya karɓi nasa kason na hidimar yara. Sannan a cikin makon farko ya je a auna hawan jininsa, a duba masa kunne, tun kafin gayyatar baɗi ta iso.