Bakteriyar kwalba da sabon tankin tarwada: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwan da ke bin magudanan Kadawa, Kura da Bunkure shinkafa, alkama da tumatur yake shayarwa. Yanzu kuwa akwai masu kafa tankin siminti ko na tamfol a bayan gida suna kiwon tarwada, kuma tare da sana'ar aka shigo da kwalabe masu ɗauke da ruwan da ake cewa bakteriya ce mai gyara tanki. Wasu na cewa da ka zuba, ka saki 'ya'yan kifi a ranar, ka kuma huta da canjin ruwa. Wasu na cewa damfara ce, ruwa ne kawai aka liƙa masa takarda. Duka maganganun biyu sun kauce wa gaskiya. Abin da ke cikin kwalba mai kyau iri ne, kuma duk manomin Garun Malam ya san iri ba ya zama amfanin gona sai ya sami ƙasa, danshi da lokaci.

Kifi na fitar da amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita, kashinsa da ragowar abinci su ma su ruɓe su ƙara. Amoniya guba ce, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Wata bakteriya na mayar da ita nitirayit, wanda shi ma guba ne da ke hana jinin kifi ɗaukar iska har ya koma launin ruwan ƙasa. Wata kuma ta mayar da nitirayit nitiret, mai sauƙin illa. Aikin da ke faruwa ke nan a gona bayan an watsa takin yuriya, kuma tun wajen 1890 masani Sergei Winogradsky ya bayyana ƙwayoyin da ke yin sa. Matsalarsu ita ce nawa. Akwai bakteriyar da ke ninkuwa cikin minti 20, waɗannan kuwa sukan kai kusan yini guda. Shi ya sa sabon tanki ke cin mako 4 zuwa 6 kafin ya zauna, kuma a wannan tsakanin ne kifi ya fi mutuwa.

Masu cewa damfara ce suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a Amurka da Turai su ne suka daɗe suna sayen irin waɗannan kwalabe, kuma shekaru da dama abin da ake zuba musu Nitrobacter ce, irin da aka fi sani daga ƙasar noma. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a akwatin kifi Nitrospira ce ke cin nitirayit. Ashe an jima ana sayar da irin da bai dace ba. A 2005 kuma aka gano a wani tankin ruwan gishiri na gidan kifin Seattle wata ƙwaya da ba bakteriya ba ce ma, Nitrosopumilus maritimus, tana cin amoniya. Amma wannan tarihin bai tabbatar da cewa kowace kwalba wofi ce ba. Ya nuna cewa sai an dace da irin, kuma kwalbar da ke ɗauke da irin da ya dace, da ransa, tana rage kwanakin jira. Ya kuma rushe zancen cewa duk kwalba ɗaya ce, domin abin da aka raina don ruwan teku ba lalle ya yi aiki a ruwan Tiga ba.

Batun rai ɗin nan shi ne inda yanayinmu ke shiga. Masu cin amoniya ba sa yin ƙwanson da wasu ƙwayoyi ke ɓuya a ciki su jure zafi da fari. Kwalbar da ta yi watanni a shagon kwano a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai 40, da wuya a sami mai rai a cikinta. Yawancin garin da ake sayarwa a ƙulli, wanda ke daɗewa bai lalace ba, Bacillus ne da danginsa. Suna cin dauɗa, suna rage wari, wannan gaskiya ne, amma ba su ne masu mayar da amoniya nitiret ba. Mai saye ya karanta sunayen da ke jikin kwalba da ranar lalacewa kafin ya saurari bakin mai talla.

Ƙaryar da ta fi cin dukiya ita ce ta daina canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke a ruwa ba, liƙewa suke a jikin abu: tsakuwa, soso, guntayen roba. Suna kuma shan iska sosai, domin kowane giram na naitirojin da ke cikin amoniya yana cin oksijin fiye da giram 4 kafin ya zama nitiret. Tankin tamfol mai santsi, babu matata, babu injin hura iska, an cika shi da tarwada, ba shi da masaukin da zai ɗauki yawan da ake bukata, ko da an juye masa kwalba goma. Tarwada ma tana ruɗin mai ita, domin tana leƙowa sama ta shaƙi iska, sai ta rayu a ruwan da karfasa za ta mutu, alhali girmanta ya tsaya. Ko inda matata ke aiki, nitiret taruwa yake, sai an rage ruwan. Ruwan nan kuwa taki ne ga fadamar kayan miya.

Wani zai ce, to ga masu kududdufin ƙasa da ba su taɓa sayen kwalba ba, kifinsu kuma lafiya lau. Haka ne, kuma hakan bai saɓa wa abin da aka faɗa ba. Laka cike take da ƙwayoyin tun asali, gansakuka kuma na shanye amoniya kai tsaye, don haka mai irin wannan tafki asarar kuɗi zai yi in ya saya. Wani kuma zai ce ya ɗebo tsohon ruwa daga tankin maƙwabci ya wadatar. Ruwan kaɗan yake ɗauke da su. Tsohon soso ko tsakuwar matata mai aiki sun fi shi nesa ba kusa ba, har sukan fi kwalbar, sai dai suna iya zuwa da cuta idan kifin maƙwabcin ba lafiyayye ba ne.

Kwalba tana da amfani ne ga mai matatar da ruwa ke zagayawa ta cikinta, kamar masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi. Shi ma kada ya zuba ta a ruwan famfo mai kulorin, kada ya bi ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada kuma injin matatar ya kwana a kashe don an ɗauke wuta. A sanyin hunturu aikin zai ƙara jinkiri. Ya fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, yana auna amoniya da nitirayit da kayan gwaji, har sai dukansu sun tashi sun kuma sauka zuwa sifili, sannan ya ƙara kifi kashi-kashi.