Idan Mage Ta Maƙale Wa Mutum Ɗaya

 A wannan makon za mu yi bayani a kan mage, wadda wasu ke kira kyanwa, musamman irin wadda take maƙale wa mutum ɗaya a gida kamar cingam.

Mu a gidanmu mun ga irinta. Mun tsince ta a bayan shagon mai shayi tana 'yar mitsitsiya, Yayarmu ce ta raine ta. Da ta girma, duk inda Yaya ta sa ƙafa tana biye da ita, ko banɗaki ta shiga sai ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. Wata rana ta biyo mu har bakin titi, saura kaɗan mai adaidaita ya take ta. Ga shi Yaya ta samu makarantar kwana. Baba ya ce in har za ta riƙa hana mutane barci bayan tafiyar Yaya, to zai bayar da ita. Wannan ne ya sa muka tashi neman mafita.

Da farko, me ke jawo haka? Ɗan mage yana bukatar ya zauna da uwarsa aƙalla sati 8. Idan aka raba su da wuri, sai ya ɗauki mai ba shi abinci a matsayin uwa. Akwai kuma zaman banza. Mage dabba ce mai farauta, in ba ta da abin bi sai ta bi mutum. Amma babban laifin namu ne. Duk sanda ta yi kuka sai a ɗauke ta ko a jefa mata kan kifi, ita kuwa ta gane cewa kuka yana biya. Mu muka koya mata da hannunmu ba mu sani ba.

Abin da ya fi yi mana aiki shi ne raba aikin ba ta abinci. Muka tsayar da lokaci biyu, da safe kafin mu tafi makaranta da kuma bayan magariba. Yau wannan ya ba ta, gobe wancan, Yaya kuwa ta cire hannunta. Kwana biyun farko ta riƙa shinshina kwanon tana kallon Yaya, daga baya yunwa ta sa ta haƙura.

Mai wuyar shi ne ƙyale ta idan tana kuka. Ba a kallonta, ba a yi mata magana, sai ta yi shiru sannan a shafa ta. Ku sani, kukan zai ƙaru kafin ya ragu, domin tana gwadawa ne ko za a karaya. Autanmu ya sha ɓata mana shiri, yana jin kukan sai ya ruga ya ɗauke ta, sai da Umma ta ja masa kunne. Kada kuma a doke ta ko a watsa mata ruwa. Wannan tsoro kawai yake sa mata, ta ƙara manne wa wanda ta yarda da shi.

Sai wasa. Ba sai an sayi komai ba. Mun ɗaura gashin kaza a zare muna ja a ƙasa tana kai cafka, kamar minti 10 kafin abincin dare. Mage tana barci awa 12 zuwa 16 a rana, kuma ta fi kuzari da asuba da magariba, don haka in ta gaji ta ci ta ƙoshi sai ta kwanta. A ɓoye zaren bayan an gama, kada ta haɗiye shi. Mun kuma ajiye mata kwalin taliya a kan taga, muka shimfiɗa tsohon ɗankwalin Yaya a ciki saboda ta saba da ƙanshinsa. Daga nan take leƙen tsuntsaye.

Amma a kula. Idan magen da ba ta saba ba ta fara maƙalewa kwatsam, ta daina ci ko tana ramewa, wataƙila ba ta da lafiya, sai a kai ta asibitin dabbobi. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, yana kashe mage. Ta mace kuma takan yi yawan kuka da goga jiki idan tana neman namiji, wannan yana wucewa bayan 'yan kwanaki.

Mun ɗauki kusan wata biyu kafin mu ga canji sosai. Da Yaya ta tafi, magen ta yi kwana uku tana zagaya ɗakinta, ranar na huɗu ta koma kwalinta. Baba bai sake zancen bayar da ita ba, har mun kama shi yana ja mata zaren da kansa.