Gemu da Lulluɓi a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa ta da, shekaru ne ke kawo gemu. Saurayi yakan zauna gaban wanzami a kwashe masa kai da fuska ƙwal, sai ya yi aure ya fara tara iyali sannan ya bar ɗan gashi a haɓa. In furfura ta sauka, to an shiga sahun dattawa, waɗanda ake kira sasanci da ɗaurin aure. Shi ya sa da aka ce gemu ba ya hana ilimi, kowa ya san da tsoho ake. Malamai ne kaɗai ke riga tsaransu ajiye shi, su ma ba kasafai yake wuce kamun hannu ba.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a karatun zaure. Bukhari da Muslim sun kawo hadisin Abdullahi ɗan Umar, inda Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a rage gashin baki a bar gemu. An kuma ruwaito cewa shi kansa Ibn Umar, idan ya yi Hajji ko Umara, yakan damƙe gemunsa ya yanke abin da ya zarce tafin hannu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kusan kowane almajirin fiƙihu a Kano da Katsina da Damagaram ya bi ta kansa, ya kawo ra'ayin Imamu Malik cewa ba laifi a rage tsawon gemu idan ya yi yawa ƙwarai. A nan ne kuma aka karhanta rina furfura da baƙi, aka halatta lalle. Jan gemun da ake gani a fuskar wasu tsofaffi ranar Juma'a daga nan ya samo asali.

Tun a littafin Ahalari yaro ke fara jin hukuncin gemu, alhali ko tsiro bai yi ba. Ana koya masa cewa mai gemu marar kauri dole ya tsettsefe shi a alwala har ruwa ya taɓa fata, mai kauri kuwa ya wanke bayansa ya wadatar, amma a wankan janaba kowa sai ya tsefe. Duba dattijo a bakin masallaci da butarsa: zai kamfaci ruwa ya wanke fuska, ya cusa yatsu ta ƙasan haɓa yana murzawa a hankali, sannan ya shafo gemun zuwa ƙasa ya yarfe. Wani zai zaro ɗan matajin roba daga aljihun riga ya daidaita shi, ya goga turare kafin ya shiga sahu.

Abin ya sauya kama bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yawaitar ɗaliban da suka dawo daga Madina. Matasa 'yan shekara ashirin suka fara tsayar da gemu da saje, suna ɗage wando sama da idon sawu. Unguwa ta sa musu suna ustazai, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da zolaya. Yau an saba. Za ka ga likita da direban Adaidaita Sahu da ma'aikacin banki duk da gemu, ga kuma samarin da ke barin nasu don kwalliya kawai, ana zana musu gefensa da reza a shagon aski.

Labarin suturar mata ya fi tsawo, ya kuma fi zafi. Tun kafin jihadin 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an san su da rawani ga maza da lulluɓi ga mata, har Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana su duka biyun. Kenan a lokacin yafa mayafi shaida ce ta ɓangaren da mutum yake. Dalilin malamai shi ne aya ta 31 a Suratun Nur, wadda ta umarci mata muminai su sauko da mayafansu su rufe ƙirji, da aya ta 59 a Suratul Ahzab. Mafi rinjayen fahimta a mazhabar Malikiyya ita ce duk jikin mace al'aura ne ban da fuska da tafukan hannu, shi ya sa niƙabi ya kasance zaɓin wasu, bai game ƙasa ba.

Iyayenmu da kakanninmu da zane suka cika wannan umarni. Matar aure za ta ɗaura ɗaya, ta lulluɓa ɗaya, kuma a birni ba ta fita sai magariba ta yi, yarinya na gaba da fitila. Budurwa kuwa ɗankwali ya ishe ta zuwa talla ko dandali. Lulluɓi na farko mai nauyi shi ne na ranar da za a kai ta ɗakin miji, wanda ba ta yaye shi sai an yi buɗar kai. Daga baya gyale ya shigo, mai kauri da shara-shara, wata ta rufe kai da shi, wata ta rataya a kafaɗa.

Makarantun Islamiyya ne suka kawo hijabi ɗinkakke, mai zagayen fuska da ake zurawa ta kai. Daga shekarun 1980 ya bazu har ya zama kayan makaranta, ya zama abin da uwar gida ke sura daga kan ƙofa idan an yi sallama. A Kantin Kwari ana yankar yadinsa bandir-bandir, tela ya ɗinka na 'yar shekara uku mai kai wa cibiya, ya ɗinka burmeme mai jan ƙasa. Abaya ta biyo alhazai daga Saudiyya, lifaya ta zo ta Barno. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas, bayan shari'ar da ta ɗauki shekaru.

Ina jin daɗin ganin wannan sutura ta zauna daram a cikinmu, musamman da ta zama hanyar da mata da yawa suka samu suka fita neman ilimi da sana'a cikin mutunci. Abin da ke damuna shi ne yadda muka raba nauyin. Ayar da ta gabaci ta mayafi, wato ta 30 a Suratun Nur, da maza ta fara, ta umarce su da runtse ido. Amma wa'azin suturar mata ya cika rediyo da wuraren tafsiri, na tsare ido kuwa sai jefi-jefi. A majalisar bakin titi za ka iske magidanta da gemunsu, mace ta wuce da hijabinta har ƙasa, su bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan a buɗe hira a kan ko 'yar gidan wane ce.