Yoga da firgicin jarrabawa: mu ɗauki tsaba, mu bar ƙaiƙayi

Ranar da na fara ganin yoga da idona, dariya ce ta kama ni. A lokacin ina karatun digiri na biyu a ƙasar Indiya, saura mako biyu jarrabawa, kuma na yi kwana huɗu rabona da barcin kirki. Na idar da sallar asuba ke nan, sai na ga abokin zamana na ɗaki ya shimfiɗa tabarma, ya miƙe, ya lanƙwashe, sannan ya zauna yana jan numfashi a hankali. Na ce a raina, wannan ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Bayan kwana uku sai abin ya ci tura. Gabana na faɗuwa, ina karanta shafi guda sau biyar ba tare da na riƙe komai ba. Da ya ce in gwada, sai na gaya masa ni Musulmi ne, ba zan furta kalmar bautarsu ba, ba kuma zan yi wa rana gaisuwa ba. Ya ce babu buƙatar haka. In miƙe gaɓoɓina, in shaƙi iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake ta ina ƙirga shida, har tsawon minti goma. A daren nan na yi barci.

Mai karatu, babu wani sihiri a cikin wannan. Idan mutum ya firgita, jikinsa kan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, tunani ya warwatse. Tsawaita fitar numfashi kuwa yana motsa jijiyar begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji zuwa ciki, ita ce kuma ke yi wa bugun zuciya linzami. Tun a 1975 Dakta Herbert Benson na Jami'ar Harvard ta Amurka ya wallafa littafi a kan yadda irin wannan natsuwa ke kwantar da jiki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, malaman da ke ɗari-ɗari da yoga suna da hujja. Tushenta yana cikin addinan Indiya, kuma a littafin Patanjali, wanda ya kasa ta gida takwas, zaman jiki da sarrafa numfashi gida biyu ne kacal, yawancin sauran tarbiyyar ruhi ce bisa aƙidarsu. Shi ya sa a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta wa Musulmi ita. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta bambance, ta hana wadda ke ɗauke da kalmomin bauta, ta halatta wadda ta tsaya ga motsa jiki. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasanni a 2017. Ba Musulmi kaɗai ke da wannan taka-tsantsan ba, domin jihar Alabama ta Amurka ta hana ta a makarantun gwamnati tun 1993, da ta ɗage hanin a 2021 kuma sai ta ce ban da rera kalmomin ibada. Ni dai fahimtar malaman Indunusiya na bi.

Akwai kuma wani hanzari ba gudu ba. Indiya ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka amince a 2014. Amma a garin Kota na wannan ƙasa, inda matasa ke tururuwa don shirin jarrabawar shiga karatun likita da injiniya, ɗalibai fiye da 20 ne suka kashe kansu a 2023, har hukuma ta ba da umarnin a sa wa fankokin ɗakunan kwana wani ƙarfe mai saki idan aka rataya nauyi. Ashe numfashi ba ya ɗauke wa yaro kayan da manya suka jibga masa.

Yanzu da nake koyarwa a gida, ina ganin fuskata ta wancan lokaci a fuskokin masu jiran WAEC da JAMB: jajayen idanu, cin goro da shan kofi don korar barci, da fargabar abin da Baba zai ce. Minti biyar na numfashi da miƙa kafin darasi ba sa cin ko kwabo, kuma duk malami zai iya koyar da su ba tare da ya taɓa imanin kowa ba. Ga iyaye kuwa, a bar yaro ya yi barci, a daina auna shi da ɗan maƙwabci, wanda damuwarsa ta ƙi lafawa a kai shi ga likita. Faɗuwa jarrabawa tana da gyara, amma rai ba shi da na biyu. Allah Ya shirya mana zuri'a.